Dara a Ɗakin Aro

Yatsuna sun sha ƙasar fadama shekara arba'in,
albasa ta ci rabi, igiyar guga ta ƙarasa.
In na shafa gilashin waya sai ta yi kunnen ƙashi,
ko ta buɗe ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba.
Na nufi gida ɗaya, ta kai mini ɗa gida na uku,
Alkasum a Abijan yana dariya har da tari.

Shafa'atu, autata, ta dawo daga jami'a
da ordinatar ɗin da ta saya jaka sittin a kasuwar Tawa.
Gefe ɗaya ya tsage, an ɗaure shi da roba,
haruffa biyu sun zube kamar haƙoran tsoho.
Ta ce, Baba, zan gina wa wayarka ɗaki a ciki.
Na ce, yaushe tulu ya shiga cikin randa ya zauna?
Ta ce, ba ita ba ce, kamarta ce,
wasan zai ɗauka yana gidansu, ba zai gane ba.

Kwana biyu tana jan abin daga sama.
Rezo ya zo, rezo ya tafi kiwo.
Layin ya cika rabi, kuran ya ɗauke,
muka zauna a duhu muna jin kukan jakin Ma'azu.
Ran na uku bayan la'asar ta kira ni:
ga waya tsaye a tsakiyar allo,
doguwa, siririya, baƙi dama da hagu,
kamar baƙon da aka shimfiɗa wa babbar tabarma
ya takure a tsakiya don kunya.

Amma ga gidajen dara talatin, kowane kamar bakin ludayi!
Ta ɗora hannuna a kan linzami.
Ni da na ja akalar raƙumi zuwa Galmi,
yau ɗan kibiya nake kora, yana kuɓuce mini.
Fankar ciki tana huci kamar mai hawan tudu da kaya,
ƙasan ya yi zafi, sai mun ɗora shi kan faifai.
Wani lokaci hoton ya daskare, ɗana a sama,
bai tashi ba, bai sauka ba,
har shayi ya huce a kofi.

Na ci Alkasum sau uku a daren farko.
Ya aiko murya: wa ke buga maka?
Na ce, yatsun da ka sani ne, fili suka samu.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa Shafa'atu ba.
Da muna yara, a yashin bayan masallaci,
ni da tsinken kara, shi da kashin raƙumi,
in na waiga gaida mai wucewa
sai ya tura ɗa guda da babban yatsan ƙafa.
In kama shi, ya rantse, mu yi kokawa,
a share gidajen da tafi, a sake tonawa.
Wannan allo ba ya yarda da haka.
Ba yashi, ba yatsan ƙafa, ba rantsuwa.
Kowa ya ci, da gaskiya ya ci,
kuma ban san gaskiya tana da sanyi haka ba.

Shekara goma sha tara bai ga Adar ba.
Yana tura amalanke a garin da ruwa ba ya gajiya.

Jiya na bar masa gida a buɗe da gangan,
na tashi na yi alwala, na daɗe a waje.
Da na dawo ya cinye, ya aiko murya:
Assumana, ka tsufa, ido ya tafi.
Na ce, haka ne.
Na gyara faifai, na ja kibiya,
na ce, sake tonawa.